Kawu Tafinta da Gidanmu na Samaru

Yayyafi aka wuni ana yi ranar da muka kai Kawu makwancinsa, irin na tsakiyar damina da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Da muka dawo gida a unguwar Muchia sai muka tarar lungun ya cika. An jera bencinan coci a ƙarƙashin rumfa, maƙwabta kuma sun kwaso tabarmin masallacin unguwa sun shimfiɗa a zauren da ke kallon namu. Ba wanda ya tsara hakan. 'Yan zumuntar matan coci na cikin gida suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, tulun da suke bugawa yana amsawa kamar daga cikin rijiya. Ni dai ina tsaye riƙe da butar shayi, ina kallon mutane kamar ta bayan labule.

Wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan mota a kasuwar Sabon Gari ya riƙe hannuna yana kuka. Cikin Turancin kasuwa ya gaya mini cewa tun yana saurayi ya taɓa tsayawa a gaban kotu a tsorace, Kawu ne ya ɗauki maganarsa ya kai ta gaban mai shari'a ba tare da ya zubar da ko kalma ɗaya a hanya ba. Wata Bayarabiya mai atamfa ta ce ita abin da ba za ta manta ba shi ne yadda yake cire hula in zai gaishe ta. Wani tsohon alƙali abokin Kawu ya zo da sanda, ya zauna a bakin tabarma. Da aka fara addu'a ta coci ya sunkuyar da kai har aka gama, sannan ya ɗaga nasa hannuwan shi kaɗai.

Mama, ƙanwar Kawu, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Can ta juyo ta dube ni ta ce, "To yanzu wa zai riƙa gaya mini abin da likita ya ce?"

Ina rubuta wannan ne don 'ya'yana, waɗanda suka san shi tsoho mai gyangyaɗi a kujerar roba, ba su san tafintan babbar kotu ba.

A Sabon Gari aka haife shi, kusa da layin dogo, a gidan haya mai ƙabilu da yawa. Yakan ce bai san ranar da ya koyi Yarabanci ko Ibo ba, ta katanga suka shigo masa tare da ƙamshin miya. Mu Hausawa ne na Zazzau, Kirista tun daga kakanninmu, abin da har gobe in na faɗa wa baƙo sai ya sake dubana. Kawu ya saba da wannan kallon. In aka tambaye shi ainihin garinsu, sai ya nuna ƙasan da yake tsaye a kai.

Idonsa a rufe yake sauraron magana. Baƙin lauyoyi sukan ɗauka barci yake yi, sai sun ji ya buɗe baki ya jero abin da suka faɗa tiryan-tiryan, har da inda suka yi tuntuɓe. A gida ma bai iya dainawa ba. In rediyo na labarai da Turanci, za ka ji shi yana bin sa da Hausa a hankali, ko da ba kowa a ɗakin. A coci shi ke fassara wa baƙin masu wa'azi. Na tuna wata Lahadi da wani baƙo ya ɗau zafi ya faɗi magana marar daɗi game da maƙwabtanmu Musulmi daga kan mumbari. Kawu ya fassara ta duka, bai rage ba. Sai ya ƙara da cewa, "In ji shi." Dariya ta ratsa bencina daga gaba har baya, baƙon bai san dalili ba.

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Yakan ce, "Uwata, maganar da ke bi ta bakina ba tawa ba ce, ajiya ce."

Yana da ɗan ƙaramin kundin tsarin mulki da ya yi laushi don yawan zama a aljihu. A cikin bangonsa ya jera fassarar kalma guda, sekula, wadda lauyoyi ke jifan juna da ita a kotu. Ya rubuta ƙasa marar addini, ya soke. Ya rubuta ƙasar da ba ruwanta da addini, ya soke. Da la'asar sukan zauna da abokinsa alƙali a inuwar dalbejiya kusa da mai gyaran keke, su yi ta jayayya a kanta shekara da shekaru. Alƙali ya ce ƙasar da ke ba da hutun Sallah da na Kirsimeti, take kai mutane Makka da Urushalima, wane ne zai ce ba ruwanta da addini? Kawu ya ce ai shi ya sa ya soke. Abin da ya bari a ƙarshe, da fensir, shi ne: gwamnati ba ta ɗauki addinin kowa ya zama nata ba. Ya yarda da wannan jimla yadda ake yarda da ƙasar da ake takawa. Wannan yardar ce ta kai mu kotu.

Babana Musulmi ne ɗan cikin birni, ma'aikaci a gonar gwaji ta Samaru. Ya auri Mama bai ce ta bar cocinta ba, da na taso ina binta kuma bai hana ni ba. Ranar Lahadi shi ke goya mu a babur ya sauke mu a bakin titi, ranar Juma'a Mama ce ke goge masa babbar riga. Ya gina mana gida mai ɗaki huɗu a Samaru, ya shuka lemo da gwaiba a bayansa. Har yanzu nakan yi mafarkin gidan. A mafarkin ɗakunan sun fi huɗu, ina buɗe ƙofa ina tarar da wata, ƙamshin furen lemo yana gabana, ban taɓa kaiwa bayan gidan ba sai na farka.

Ina aji huɗu na sakandare Baba ya rasu, rashin lafiyar kwana uku. Bayan an share makoki Baffa, yayan Baba, ya zo ya zauna a tsakar gida ya yi wa Mama bayani cikin ladabi. Ya ce a shari'ar Musulunci ba gado tsakanin mabambanta addini, don haka ita da ni ba mu da rabo a gidan. Magada su ne tsohuwarsu da ke raye da su 'yan'uwa. Ya ce ba shi ya yi dokar ba, kuma in ya kau da kai shi za a tambaya ranar gobe. Ba mugu ba ne Baffa. Na daɗe kafin na iya rubuta wannan jimlar.

Mama ta so ta kwashe kayanta ta fita salin-alin. Kawu ne ya hana. Ya zo da kundinsa ya buɗe mata wurin da aka ce ba za a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda addininsa ba, ya karanta da Turanci ya fassara. Da Baffa ya kai maganar kotun alƙali sammaci ya iso, Kawu ne ya raka ta ya ce ita ba Musulma ba ce kuma ba ta amince a yi mata shari'a a nan ba. Ya samo wani matashin lauya daga cocinmu, aka shigar da ƙara a babbar kotu, kotun da shi kansa yake aiki. Tun ranar farko ya gaya wa mai shari'a cewa mai ƙara ƙanwarsa ce, aka sa wani tafinta, shi kuma ya koma bencin baya ya zauna kamar kowa.

Damina biyu muka yi muna zuwa. Abin da na fi tunawa shi ne fanka mai juyawa a kasalance, da hasken rana da ke shigowa ta tagogin sama ya kwanta a kan takardu, da yadda muryoyin lauyoyi ke nisa su dawo kamar ana magana a ƙetaren rafi. Lauyanmu ya ce ƙasar nan ba ta da addinin gwamnati, don haka kotun gwamnati ba za ta fitar da mace daga gidan mijinta don tana zuwa coci ba. Lauyan Baffa ya ce 'yancin addini bai tsaya ga masu rai ba. Mutum ya rayu Musulmi ya mutu Musulmi, in aka raba dukiyarsa da wata doka daban, shi aka tauye.

Ranar hukunci, ɗaya tafintan bai zo ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Mai shari'a ya ce sai dai a ɗage. Mama ta miƙe ta ce ita ta gaji da zuwa, a yi a gama. Sai Baffa ya raɗa wa lauyansa magana, lauyan ya tashi ya ce su ba su da ja in wancan dattijon na baya ya fassara, sun san ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Mai shari'a ya tambayi Kawu ko zai iya. Kawu ya taso ya gyara wuyan rigarsa, ya tsaya a wurinsa na kullum, ya rufe ido.

Ni ina jin Turanci, don haka sau biyu na ji kowace jimla. Mai shari'a ya ce gaskiya ne gwamnati ba ta da addinin kanta, amma wannan bai nufin ta raba mutane da nasu ba. Ya ce tsarin mulkin da ya hana nuna bambanci shi ne kuma ya amince da shari'ar Musulunci a kan gadon Musulmi. Ya ce dokar da mutum ya rayu a kanta ya mutu a kanta, ita ke bin abin da ya bari. Tun a tsakiya na gane inda aka dosa. Mama ba ta gane ba sai da ya fito daga bakin yayanta. Yana faɗa a hankali, yana ajiye kowace kalma kamar mai jera ƙwai a faifai.

A jimlar ƙarshe mai shari'a ya ce kotu na tausaya wa mai ƙara, amma ba ta da haƙƙi a gidan. Kawu ya ce, "Kotu tana tausaya wa ƙanwana, amma ba ta da haƙƙi a gidan."

Ƙanwana ya ce, yadda muke faɗa a Zazzau, a maimakon mai ƙara. Ya buɗe ido, ya roƙi gafarar kotu, ya maimaita jimlar daidai. Na ga Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Duk tsawon aikin Kawu, wannan ne kuskuren da aka san shi da shi.

Lauya ya ce a ɗaukaka ƙara, Mama ta ce a'a. Baffa ya aiko cewa mu ci gaba da zama a ɗaki guda muddin muna so, ta yi godiya ta ce ba za ta zauna baƙuwa inda ta yi shara shekara ashirin ba. Da kaka ta yi muka kwaso kayanmu a akori-kura muka dawo Muchia, Kawu ya ba mu ɗakinsa ya koma zaure da katifarsa.

A nan na yi masa abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na daina yi masa magana. Ina cin abincinsa, ina kwana a gadonsa, amma in na kai masa tuwo sai in dire in juya. A ganina shi ya ja mu kotu da ɗan littafinsa, shi kuma ya tsaya ya karanta mana korarmu kamar mai karanta sanarwar coci. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Kullum in ya dawo aiki zan tarar da ƙullin gyaɗa ko rake a bakin taga. Ni kuma in bar su a wurin har tururuwa ta same su.

Wata biyar muna haka. Da aka ba mu hutu sai wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce in shirya in raka shi, akwai takardun da zan riƙe masa. Mama ta harare ni, na ɗauki mayafi. Ba wasu takardu. Ya zaunar da ni a bencin baya, ya tafi aikinsa.

Shari'ar gona ake yi. Aka kira wani tsoho Bamaguje daga ƙauyukan yamma ya ba da shaida. Magatakarda sabon zuwa ne, ya ɗago Alƙur'ani a hannu ɗaya da Littafi Mai Tsarki a ɗaya, ya ce ya zaɓa. Tsohon ya ce shi ba ya bin ko ɗaya. Wasu suka yi dariya. Magatakarda ya ce to ya dafa kowanne, duk ɗaya ne, lokaci na tafiya. Sai Kawu ya nemi izini, ya buɗe wata durowa ya fito da ruwan fartanya naɗe a ƙyalle, yana ƙyalli don shafa mai. Ashe shi ke kula da shi duk shekarun nan, kamar yadda yake cika butar da Musulmi ke alwala da ita kafin su taɓa Alƙur'ani. Ya miƙa wa tsohon da hannu biyu. Tsohon ya karɓi ƙarfen ya kai bakinsa ya rantse da abin da kakanninsa ke rantsuwa da shi, kotu ta yi tsit, mai shari'a ya rubuta. Da Kawu zai fassara shaidarsa, da muryar da yake fassara wa manyan lauyoyi ya yi.

Da aka tashi muka biyo layin dogo a ƙafa, yana tura kekensa. Rana ta yi sanyi, wasu awaki na kwance a tsakanin ƙarafan. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito.

"Kawu, me ya sa ba ka ce ba za ka iya ba ranar nan?"

Ya ci gaba da tura kekensa. Sannan ya ce, "Uwata, tun a shafi na biyu na san mun faɗi. Na ga dole wani ya gaya mata. Da wani ne, da sauri zai faɗa."

Na tambaye shi ko har yanzu ya yarda da littafin. Ya ce ya yarda, sai dai da can ya ɗauka littafin bakinsa ɗaya, yanzu ya gane kowa da yadda yake jin sa, kuma mai shari'a bai yi ƙarya ba, mu ne dai abin ya faɗo a kanmu. Ya ce laifinsa guda ne, ya yi wa Mama alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. A bakin tasha ya saya mini rake, na sha a hanya.

Shekaru suka wuce. Na yi karatu, na zama malama a Samaru, nakan wuce ta gaban gidanmu in ga wankin wasu a igiya. Kawu ya yi ritaya, ya zama dattijon ikilisiya. Mutane suka mai da zaurensa wurin kawo takardun da ba su gane ba, sammaci ne, wasiƙar asibiti ce, takardar fili ce, ya sa tabarau ya karanta musu.

Wata rana wata mata daga Hanwa ta zo da goyo da takarda a hannu. Mijinta a gidan Musulmi aka haife shi, ya koma Kirista tun yana saurayi, a coci aka ɗaura aurensu, a maƙabartar coci aka binne shi. Yanzu danginsa sun ce asalinsa nasu ne, za a raba gidansa a gaban alƙali, ita da 'ya'yanta ba su da komai. Ina nan a ranar, na zo gaida Mama. Kawu ya saurare ta ido rufe. Da ta gama ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da kwafin hukuncinmu. Ban san ya ajiye shi ba. Takardun sun yi ja, ya ja layi da fensir a ƙarƙashin jimla guda, wadda ta ce dokar da mutum ya rayu a kanta ya mutu a kanta ita ke bin abin da ya bari. Ya ce ta kai wa lauyanta. Bai yi mata alkawarin komai ba.

Fiye da shekara aka yi ana shari'ar, duk zama sai ya je da sandarsa ya zauna a baya. Ranar da aka yanke hukunci ya dawo da azahar, ya wuce zaure bai tsaya ba, ya shiga har madafa inda Mama ke tsince shinkafa a tire. Ya tsaya a kanta, hularsa a hannu, kamar ɗan makarantar da aka aiko.

Ya gaya mata cewa kotu ta ce mutumin Kirista ya rayu Kirista ya mutu, ba a raba gidansa da shari'ar da ya bari. Ya ce lauyan matar ya karanta hukuncinmu a gaban kotu, har da sunanta a ciki.

Mama ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa. Can ta ce, "Ta samu gidan?"

"Ta samu."

"Da 'ya'yan duka?"

"Duka."

Ta sauke tiren ƙasa. Sai ta matsa gefe a kan tabarmar ta buɗe masa wuri, ta ce, "To zauna, Yaya. Ashe ba a banza muka fita ba."

Ya zauna. Ya cire tabarau ya riƙe, hawaye na bin fuskarsa bai share ba, Mama kuma ta tura masa tiren tsakaninsu, suka ci gaba da tsintar shinkafar tare.

Ubangiji ya ba Kawu hutawa a inda ba a bukatar tafinta. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.